Albashin da Ba Ya Cikin Littafi: Me Ya Sa Matasa Ke Karɓa?

Sashe na 7 na dokar ƙwadago ta Nijeriya ya wajabta wa duk wanda ya ɗauki lebura ko akawu aiki ya ba shi rubutacciyar takarda kafin wata uku su cika. A cikinta za a faɗi irin aikin, da albashin, da lokacin shiga da na tashi, da hutu, da yadda za a yi idan rabuwa ta zo. Wanda ya zaga Kantin Kwari ko Singa ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ya tambayi samarin da ke bakin shaguna ko an taɓa miƙa musu irin wannan takarda, zai sha kallo. Haka abin yake a gidajen burodi, da gidajen mai, da wuraren yin ruwan leda, da rumfunan POS, da ɗimbin makarantun kuɗi da ke lungunan birane. Ana aiki, ana biya, amma babu inda aka rubuta cewa wane ma'aikacin wane ne. Hukumar haraji ba ta san shi ba, hukumar fansho ba ta san shi ba, asusun diyyar ma'aikata ma bai san da zamansa ba.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a zango na biyu na 2024 kashi 93 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan suna wajen tsarin hukuma ne. Kafin nan, rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna cewa a Afirka kusan kashi 95 cikin 100 na matasan da ke aiki haka suke. Akasarin waɗannan manoma ne da masu sana'ar kansu, waɗanda babu mai biyan su albashi balle a ɓoye shi. Nazarin nan ya tsaya ne a kan wanda ke aiki a ƙarƙashin wani, yana karɓar lada a ƙarshen mako ko wata, amma ladan bai shiga kowane littafin hukuma ba.

Abin iri biyu ne. Akwai wanda gaba ɗaya ba a yi masa rajista ba. Akwai kuma wanda sunansa ke cikin littafin kamfani, amma abin da aka rubuta ya gaza abin da ake ba shi. Wannan na biyun ya shahara a Gabashin Turai bayan rushewar gurguzu, inda ake rubuta wa ma'aikaci mafi ƙarancin albashi, sauran a damƙa masa cikin ambulan. A wani bincike da Tarayyar Turai ta yi a 2007, ma'aikaci ɗaya cikin 20 ya amsa cewa ana biyan sa ta haka, a Romaniya kuwa kusan ɗaya cikin huɗu. A wajenmu dabarar ta ɗan sha bamban: ana ƙanƙanta ainihin albashin da ake lissafin fansho a kansa, a kumbura abin da ake kira alawus. Kuma kada a ɗauka turo kuɗi ta waya ya magance matsalar. Yau yaron shago na iya jin alat daga asusun OPay ko Moniepoint na maigidansa, amma kuɗin da ya fito daga aljihun mutum zuwa aljihun mutum ba albashi ba ne a idon hukuma, sai an bayyana shi a matsayin haka.

Bayanin da aka fi saurin bayarwa shi ne gudun haraji. Yana da tushe a ilimin tattalin arziki. A 1972 Michael Allingham da Agnar Sandmo suka tsara ra'ayin cewa mutum yakan auna ribar ɓoyewa da haɗarin kamuwa da girman tara, in riba ta rinjaya ya ɓoye. Wannan ya dace da ɗan kasuwa mai ɓoye ciniki. Amma a ɗora shi a kan matashin Nijeriya mai ƙaramin albashi, a yi lissafi, a ga inda zai kai. Tun daga dokar kuɗi ta 2020 an yafe wa mai karɓar mafi ƙarancin albashi harajin kuɗin shiga. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta sa Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 Naira 70,000 ne, yawancin samarin da muke magana a kansu kuwa ko kusa da nan ba sa kaiwa. Ke nan ko an rubuta albashinsu da manyan baƙi an manna a ƙofar ofishin haraji, babu ko sisi da za a cire musu da sunan haraji.

To wa ke cin ribar ɓoyewar? Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. A kan Naira 70,000, na ma'aikaci 5,600 ne, na mai kamfani 7,000. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ya zuba a asusun NSITF. Dokar fanshon ta kuma tilasta masa yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Duk wannan ƙarami ne idan aka kwatanta da babbar ribar: ma'aikacin da ba a rubuta ba ana iya biyan sa 25,000 a inda doka ta ce 70,000, ana iya sallamar sa da baki ranar Laraba ya kwana ba shi da aiki. Rabon matashi a cinikin shi ne kashi 8 ɗin da ba a cire masa ba, wanda dama kuɗinsa ne. Rabon mai kamfani shi ne duk sauran. Saboda haka tambayar ta zama: me ya sa mutum zai yarda da cinikin da shi ne ke kwana a ƙasa?

Amsa ta farko ita ce kashi 8 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke ƙirga kuɗin mota. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin Naira a watan Yuni, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Dala da ake canzarwa a kan Naira 460 da ɗoriya a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Naira 30,000 na mafi ƙarancin albashin 2019 sun fi Dala 80 a lokacinsu, amma 70,000 na 2024 ba su kai Dala 50 ba. Matashin da ya ga haka da idonsa, aka ce masa ya ajiye kuɗi a asusun da ba zai taɓa ba sai ya kai shekara 50, ko kuwa ya rasa aiki ya yi wata huɗu a zaune kafin a ba shi rubu'i, abin da zai ce shi ne ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Masana halayyar ɗan Adam kan kira wannan fifita yau a kan gobe, suna lissafa shi cikin raunin tunani. Ni ban ga rauni a nan ba. Idan ribar da asusun fansho ke samarwa a shekara ta gaza tashin farashin masara, mai ajiya asara yake yi a hankali, kuma ya san da haka ko da bai iya faɗa da alƙaluma ba.

Ban da haka, albashin saurayi a ƙasar Hausa ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai cefanen gida, da maganin mahaifiya, da kuɗin jarrabawar ƙanwa, da zubin adashi, ga tarin lefe da ke jiran sa in yana son a ɗauke shi cikakken mutum. Waɗannan buƙatu suna da fuska da murya, suna ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohon da zai zama nan da shekara 35 ba ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Kuma a tunanin jama'a tanadin tsufa shi ne 'ya'ya na gari, da fili, da ɗan jari. Wanda ya kashe kuɗinsa a kan ƙannensa da aurensa, a ganinsa fansho yake zubawa, sai dai a asusun da ya yarda da shi.

Yarda ita ce amsa ta biyu, kuma ta fi ta farkon nauyi. Colin Williams na Jami'ar Sheffield, wanda ya daɗe yana bibiyar albashin ambulan a Turai, ya gano cewa abin ya fi yawa a inda jama'a ba su amince hukuma za ta riƙe amanar abin da aka karɓa daga hannunsu ba, kuma tsananta tara kaɗai ba ya kawar da shi. Matashin arewacin Nijeriya ba ya bukatar a karanta masa wannan. Ya girma yana ganin abin da takarda ta yi wa magabatansa. A Kakuri ta Kaduna, masaƙun da suka ɗauki dubban mutane aiki da takarda da lamba da ƙungiyar ƙwadago sun rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, ma'aikata da yawa suka shekara da shekaru suna bin haƙƙin sallama, wasu har suka rasu. A Bompai da Sharada da Challawa na Kano ma an ga irin wannan. Ya ga tsofaffin malaman firamare a layin tantancewa, riƙe da fayil cikin rana, suna bin garatutin da aka yi shekaru ba a biya ba. Ya ji a rediyo a Nuwamban 2021 cewa kotun tarayya a Abuja ta ɗaure Abdulrasheed Maina shekara takwas kan kuɗin da suka haura Naira biliyan 2, mutumin da aka naɗa don ya gyara harkar fansho.

Gaskiya ne tsarin fanshon da aka kawo a 2004 ya bambanta da tsohon. Yanzu kuɗin na shiga asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikaci ne, a hannun kamfanonin da hukumar fansho ta PenCom ke sa wa ido, ba baitulmalin gwamnati ba. Amma shi ma yana da ɓarakarsa, wadda ma'aikata suka fi kowa sani: mai kamfani ya cire kashi 8 daga albashi, ya ƙi turawa. Doka ta ce a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, ta sa tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 a kowane wata ba, amma ma'aikacin da ya gano an cuce shi sai ya zaɓi tsakanin kai ƙara da riƙe aikinsa. Wanda ya ji labarin yayansa da aka yi wa haka shekara huɗu, idan aka tambaye shi a cire ko a ba shi duka a hannu, an san abin da zai ce. Ga kuma damuwar riba, domin yawancin kuɗin fansho bashi ake ba gwamnati da ruwa. Sai a 2021 PenCom ta fito da asusu na shida marar ruwa, kuma har yau ba kowa ya san da shi ba.

Akwai wani tsohon tabo a ƙarƙashin wannan. Shiga littafin hukuma a ƙasar Hausa ya daɗe yana nufin shiga littafin haraji. Kakanni sun ba da labarin masu gudu daga gari in lokacin kuɗin ƙasa ya zo, da makiyaya masu ɓoye shanu saboda jangali. Abin ya yi zafin da ya zama jigon siyasar NEPU, kuma soke haraji da jangali na cikin abubuwan farko da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka yi a 1979. Saurayin yau bai ga wancan zamani ba, amma ya gaji jin cewa in hukuma ta nemi sunanka karɓa za ta yi.

Amsa ta uku ita ce, a ganina, zuciyar al'amarin, kuma ita ce wadda alƙaluma ba sa kamawa. Matashin da ya shiga aiki babu takarda ba ya jin cewa ya shiga babu kariya. Yana jin ya shiga wani tsarin ne daban, wanda ya girmi dokar ƙwadago da ɗaruruwan shekaru, wato tsarin maigida da yaro. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro na maƙudan kuɗi ke tafiya a kan amanar masu gida da yaransu, ba tare da kotu ko banki ba. Yaro yana yi wa maigida hidima shekaru, ladansa na wata bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma babu wani tsayayyen lada. Amma maigida ne ke ciyar da shi, ya ɗinka masa kayan salla, ya kai shi asibiti, ya je masa gaisuwar mutuwa, ya aurar da shi, daga ƙarshe ya sallame shi da jari ko ya buɗe masa rumfa ya riƙa ba shi kaya bashi. Idan aka jera waɗannan, za a ga inshorar lafiya da garatuti da rancen jari duk suna ciki. Manyan attajiran Kwari da Dawanau da yawa ta wannan ƙofa suka shigo, kuma kowane yaron shago ya san sunan aƙalla ɗaya daga cikinsu. Paul Lubeck, da ya yi nazarin leburorin masana'antun Kano a shekarun 1970, ya tarar da yawansu ba su ɗauki aikin kamfani wurin zama ba, burinsu su tara abin da za su kama kasuwanci. Wannan buri bai sauya ba. Matashi ba fansho yake hange ba, sallama yake hange.

A cikin wannan tsari neman takarda zagi ne. Ga yadda maganar kan kasance idan yaro ya yi ƙarfin hali:

"Alhaji, da ma alfarma nake nema. Ko za a ɗan rubuta mini abin da muka yi da kai?"

"Rubutu kuma? Ni da na ɗauke ka kamar ɗan cikina? Babanka da kansa ya riƙo hannunka ya kawo ka nan. Ko wani ne ya ce maka zan cuce ka?"

"A'a wallahi, Alhaji. Allah ya huci zuciyarka."

Daga nan magana ta mutu, kuma yaron ya yi asarar wani abu, domin an fara yi masa kallon mai ido a kan dukiya. In labari ya kai gida, mahaifinsa ne zai fara yi masa faɗa. Aikin da aka samu ta hanyar kawu ko limamin unguwa ko abokin baba ba ciniki ba ne tsakanin mutum biyu, mutuncin mutane da yawa ne a rataye. Wanda ya kai maigidansa kotu ya rufe wa ƙannensa ƙofa.

Ba na cikin masu raina wannan tsari. Ya raya mutanen da gwamnati ba ta taɓa sanin an haife su ba. Abin da ke damuna shi ne yadda aka ɗauke harshensa aka kai shi inda nauyinsa ba ya bi. Maigidan da ke da yara uku a shago, ya san iyayensu, suna salla a masallaci ɗaya, akwai kunya da idon jama'a da ke tilasta masa cika alkawari. Amma mai makarantar da ke da malamai 40, ko mai gidan burodin da ke sauya ma'aikata duk wata shida, ko mai rumfunan POS 20 da bai san gidan ko ɗaya daga cikin yaransa ba, ba zai aurar da kowa ba, ba zai sallami kowa da jari ba, kuma bai taɓa niyyar haka ba. Duk da haka yana cewa "ai mu nan 'yan'uwa ne", yana jin haushi in an nemi takarda. Yana cin moriyar biyayyar da ake yi wa maigida, yana biyan abin da ɗan kasuwa zai biya. Matashi kuwa ya bar kariyar doka saboda kariyar al'ada, ya wayi gari ba shi da ko ɗaya.

A duba malamar makarantar kuɗi a ƙarshen wata. Tana da takardar NCE, tana koyar da aji biyu daga ƙarfe bakwai da rabi. Ana kiran su ɗaya bayan ɗaya zuwa ofishin mai makaranta. A kan tebur akwai dogon littafi mai layi-layi, ta sa hannu a gaban sunanta, a miƙo mata kuɗi a naɗe. An cire na ranar da ta makara, an cire na ranar da ta kai ɗanta asibiti. Littafin ya koma cikin durowa, ita ba ta da kwafi. Idan dogon hutu ya zo, a makarantu da yawa babu albashi, domin yara ba su biya kuɗin makaranta ba. In ta yi ƙorafi za a nuna mata tarin takardun neman aiki da ke gefen tebur.

Wannan tarin takardu shi ne amsa ta huɗu, kuma ba ya bukatar dogon bayani. Inda mutum goma ke jiran gurbi ɗaya, mai neman aiki ba ya gindaya sharaɗi, da babu gara ba daɗi. Alƙaluman rashin aikin yi sun faɗo daga kashi 33.3 a ƙarshen 2020 zuwa kashi 4.3 a tsakiyar 2024, amma hanyar ƙirga ce aka sauya a 2023, aka koma lissafa duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako cikin masu aiki. Layin masu neman aiki bai ragu ba. Ita kanta doka ta bar ƙofofi a buɗe. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba. Dokar fansho ta ambaci kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama. Manyan masana'antu kuwa sun koyi ɗaukar leburori ta hannun ɗan kwangila, yadda mutum zai yi shekara biyar yana shiga ƙofa ɗaya kullum amma a takarda kamfanin bai san shi ba.

Matasa da yawa kuma suna kwantar wa kansu hankali da cewa na ɗan lokaci ne: kafin sakamakon JAMB ya fito, kafin a kira su bautar ƙasa, kafin aikin gwamnati ya faɗo, kafin a ɗaura aure. Wa zai tsaya jayayya kan fanshon aikin da zai bari baɗi? Keith Hart, wanda bincikensa a unguwar Nima ta Accra, inda Hausa ke cikin manyan harsunan hulɗa, ya yaɗa maganar tattalin arzikin bayan fage a farkon shekarun 1970, ya rubuta ne a lokacin da masana da yawa ke ɗauka abin zai gushe da zarar masana'antu sun yawaita. An haura shekara 50, shi ne ya mamaye kusan komai. Yadda ya faru ga ƙasashe haka yake faruwa ga mutum ɗaya. Aikin da aka shiga ana ɗan shekara 22 don a ɗan rage zafi, ana iya kaiwa 35 a cikinsa da mata da 'ya'ya uku.

Asarar da ake yawan ambata ita ce ta fansho, amma akwai wadda ta fi ta kusa. A masana'antar narka roba, yaro ɗan shekara 20 yana tura tsofaffin takalma cikin injin niƙa da hannu, babu safar hannu, babu murfi a bakin injin. Ranar da injin ya kama yatsunsa huɗu, za a sa shi a Adaidaita Sahu a kai shi asibiti, manaja ya biya kuɗin ɗinki da allura, wataƙila a aiko masa da buhun shinkafa da 'yan dubbai. Bayan wata biyu wani ne a wurinsa. Dokar 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya nakasa a bakin aiki, har da biyan wata-wata, amma mataki na farko shi ne a tabbatar cewa shi ma'aikacin wurin ne. Abokan aikinsa da suka ga abin da ya faru suna son aikinsu. Iyayensa za su ce ƙaddara ce, kuma ƙaddara ce, amma haƙƙin da aka danne ba ya cikin abin da aka umarci mutum ya haƙura da shi don mai ƙarfi ya ji daɗi.

Akwai kuma asarar da ba ta zubar da jini. Wanda ya yi shekara bakwai yana riƙe da lissafin shago, ya iya saye da sayarwa fiye da mai digiri, ba shi da abin da zai nuna wa wani kamfani cewa ya taɓa aiki. Banki ba zai ba shi rance ba domin babu takardar albashi. Ƙwarewarsa tana kulle a cikin shaidar mutum ɗaya, kuma mutumin nan shi ne ya fi kowa amfana idan bai tafi ba. Wannan ne ke sa ƙaramin albashi ya dawwama: ba ka iya kai ƙwarewarka kasuwa a taya.

Hukuma ta yi wasu yunƙuri. A watan Maris na 2019 aka ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho ga masu sana'ar hannu da ma'aikatan ƙananan wurare, wanda ya ba da damar cire wani kaso kafin tsufa, amma waɗanda suka shiga 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da miliyoyin da aka yi domin su. Dalilin a fili yake: an nemi matashi ya zuba daga abin da bai ishe shi ba, ba tare da mai ɗaukar sa aiki ya ƙara komai ba. Wayar da kai ma ba za ta yi wani tasiri ba, domin ba jahilci ne ya kawo shi nan ba. Inda ƙarfin hukuma ya kamata ya dosa shi ne wuraren da ke da ma'aikata da yawa kuma suna da rajista: makarantar da ke sabunta lasisi duk shekara, gidan man da ke da izini, masana'antar da ke biyan kuɗin fili. Waɗannan ba ɓoyayyu ba ne, kuma neman jerin ma'aikata da shaidar biyan su kafin a sabunta lasisi bai fi ƙarfin kowace jiha ba.

Shagon Alhaji mai yara uku kuwa sufeto ba zai gyara shi ba. Abin da zai taɓa shi sai ya fito daga cikin abin da shi kansa ya yarda da shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma an saukar da ita ga mutanen da suka fi mu amana. Malaman fiƙihu sun sanya sanin lada da sanin aiki cikin sharuɗɗan ingancin ijara. Alkawarin sallama bayan shekara bakwai bashi ne a wuyan maigida, kuma idan ya rasu kafin lokacin, magada ba su san da shi ba sai an rubuta. Yara nawa ne suka yi hidimar shekaru, maigida ya faɗi ya mutu, aka raba gado suna tsaye a waje? Idan limamai da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa suka mai da rubuta irin wannan yarjejeniya al'ada, a gaban uban yaro da shaidu biyu, to nauyin nema ya sauka daga kan yaron, ba shi ne marar kunyar da ya tambaya ba.

Wani abu kuma ya sauya ba tare da kowa ya shirya shi ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 masu biya ta waya suka ƙaru ƙwarai. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya amince da bayanan da suka fito daga kwamfuta, saboda haka bayanin asusun da ke nuna kuɗi iri ɗaya na shigowa daga mutum ɗaya duk ƙarshen wata yana iya zama hujja a gaban kotun ma'aikata cewa akwai aiki a tsakani. Samari da yawa suna yawo da shaidar shekara biyu ko uku a aljihunsu. Sai dai kotun tana babban birni, lauya yana son kuɗinsa, shari'a tana ɗaukar lokaci, kuma masu ɗaukar aikin da suka farga sun fara komawa biya a hannu ko turowa daga asusun wani yaron.